Talakan Fadama a Bakin 'Yan Jarida

Duk wanda ya lazimci karanta jaridun ƙasar nan, ya kuma yi nazarin abin da suke kawowa game da mutanen kwarin Rima, tun daga Argungu har Gwadangaji da ke gefen Birnin Kebbi, lalle zai tarar galibi ba a ambaton su sai in musiba ta auku, kamar ambaliyar 2020 wadda ta cinye gonakin shinkafa, ko kuwa in lokacin bikin kamun kifi na Argungu ya zo, wanda aka faro tun 1934, sa'ad da masu ɗaukar hoto ke tururuwa bakin kogin Matan Fada.

Amma cutar da ta fi addabar jama'a, wato zazzaɓin cizon sauro, da yake kullum tana nan, ba ta cika samun shafin farko ba, alhali binciken ƙasa na 2021 ya nuna kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yaran Kebbi da aka gwada suna ɗauke da ita, adadin da babu jihar da ta kai shi. Wannan hujja na cikin dalilan da suka sa aka fara allurar rigakafinta a Kebbi da Bayelsa a Disamba 2024.

Aibin da na fi gani shi ne, a kan jiyo ta bakin kwamishina da likita, a bar uwar yaro da masunci, sa'an nan a jingina laifin ga jahilci, ba a tambayi nisan asibiti ko tsadar magani ba. Ya ku ma'abota alƙalami, ku shiga ƙauyukan nan da damina, ku ji daga bakin masu abin.