Gaya: Ƙwayoyin jinin da zazzaɓin damina ke cinyewa

A watan Satumban 2024, garin Gaya da ke jihar Dosso ne hukumomin Nijar suka zaɓa domin ƙaddamar da rigakafin zazzaɓin cizon sauro ga yara. Garin na bakin kogin Kwara, daura da Malanville ta Benin, kuma yana cikin yankunan da suka fi samun ruwan sama a ƙasar. Inda ruwa ya kwanta kuwa, nan sauro ke hayayyafa.

Kowa ya san zazzaɓin na shanye jini. Abin da ba a cika magana a kai ba shi ne ɓarnar da yake yi wa ƙananan ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, waɗanda likitoci ke kira filatilet. A takardar gwajin jini ta NFS, su ne ake rubutawa PLT.

A cikin ɓargo ake samar da su, kuma kwana 7 zuwa 10 kawai suke yi a jiki. Da zarar mutum ya yanke, sai su taru a bakin raunin su manne da juna, su toshe shi kafin jinin ya daskare. Mai lafiya na da 150,000 zuwa 450,000 a kowace mikrolita ta jini.

Zazzaɓin cizon sauro na rage wannan adadi a jikin akasarin waɗanda ya kama, sai dai yakan dawo daidai bayan an sha magani. Zazzaɓin dengue, wanda ya addabi Burkina Faso a 2023, shi ma yana rage su. Na Lassa da ake fama da shi a Najeriya da Benin kuma yana raunana aikinsu.

A nan ne haɗarin maganin 'yan tebur yake. Asfirin na hana ƙwayoyin mannewa har ƙarshen rayuwarsu, don haka mai zazzaɓin da nasa suka riga suka ragu, idan ya sha, yana iya zubar da jini ta ciki. Shi ya sa ake shawartar mai zazzaɓi ya tsaya ga farasitamol har sai an gwada shi.

Alamomin da ba a jira da su sun haɗa da haɓo, jini daga dasashi, jajayen ɗigo-ɗigo a fata, da baƙin bayan gida. Ƙarin waɗannan ƙwayoyi ba ya samuwa a ko'ina, domin kwana 5 kacal suke yi a ma'ajiyar jini.

Ga 'yan Gaya da ke ci-rani a Kwatano ko Legas: idan an kira daga gida cewa yaro na zazzaɓi, a fara tura kuɗin gwaji, a kuma tambaya me aka riga aka ba shi.