Man kanumfari da haƙorin uwargida

Kayan yaji nake sayarwa a zangon Kumasi. Daren da haƙori ya hana uwargida barci, man kanumfari na ɗiga a auduga ta danna a wurin. Zogi ya lafa, muka ce shi ke nan.

Man yana aiki, ba ƙarya. Yujinol, wanda ya haura kashi 70 cikin 100 na man, yana huda fatar ƙwayar bakteriya, ya gurgunta sinadaran inzayim da ke ba ta ƙarfi. Amma fa ramin haƙorin yana nan. Sati biyu, kunci ya kumbura, sai asibiti, sai cirewa.

Likita ya ja ni gefe: "Alhaji, ɓoye kwalbar nan. In yaro ya kurɓa, hantarsa na iya lalacewa."