Lambar yaƙin Kumasi: yadda ake gane wadda aka yi wa ha'inci

Idan kakanku na cikin sojojin Hausawa da Ingila ta ba lambar yabo bayan yaƙin Yaa Asantewaa na 1900, ku san abin da ke hannunku. Wadda ke da ɗan ƙarfe mai rubutun "Kumassi" a samanta ta fi tsada, shi ya sa 'yan damfara ke maƙala shi a kan wadda ba ta da shi. Ni gefen lambar nake fara dubawa: in an kankare suna an sassaƙa wani, wurin kan sirance, haruffan su bambanta. Sai a nemi sunan sojan a rajistar lambobi da ke Kew, a Landan. Don Allah kar a goge ta da toka, darajarta zubewa take.