Yadda rufin filin wasa ya haifar da ciyawar roba

Duk wanda ya taɓa buga ƙwallo a filin makaranta a Gummi ko Anka cikin zafin Afrilu, ya yi fatan a ce filin yana da rufi. A Amurka an gwada hakan a 1965, lokacin da aka buɗe Astrodome a birnin Houston, filin wasan baseball mai rufi da na'urar sanyaya iska.

An yi rufin da roba mai barin haske ya ratsa, don ciyawa ta rayu. Sai ƙyallin rana ya riƙa kashe wa 'yan wasa ido, ba sa ganin ƙwallo idan ta tashi sama. Aka shafa wa rufin fenti, ciyawa ta rasa haske ta mutu. A 1966 aka shimfiɗa ciyawar roba ta kamfanin Monsanto, wato AstroTurf.

Ra'ayin 'yan kallo ya rabu. Wasu sun ji daɗin tsira daga zafi da sauro. Wasu kuma suna ƙorafin ƙwallo tana gudu fiye da kima a kan roba, ga taurin ƙasa da ke wahalar da gwiwoyin 'yan wasa.

Mu masu rubuta manhaja mun saba da haka: gyara ɗaya yakan ɓallo wata matsalar. Shi ya sa muke gwaji kafin mu turo sabuntawa wayarka.