Tukunyar Gas a Gindin Tirela

A Ɗan Barto, inda hanyar Matameye ke gangarawa zuwa Kwangwalam da Daura, manyan motoci kan yi layi suna jiran takardun duwan. Direba ba zai zauna da yunwa ba. Yaron mota ya sauko da tukunyar gas, ya jona murhu, a ɗora shayi ko a gasa nama a inuwar tirela. Gas ya yawaita a wannan yanki tun da matatar SORAZ ta fara aiki kusa da Damagaram a 2011, kuma alheri ne ga itatuwanmu. Abin da ke damuna shi ne yadda ake jonawar.

Gas ɗin da ke cikin tukunya ruwa ne, matsi ya danne shi. Da ya fito sai ya zama iska, ya kumbura kusan ninki 250. Aikin regileta, wannan ɗan kan da ake ɗaurawa a bakin tukunya, shi ne ya karya ƙarfin kafin ya shiga tiyo. Murhun girki na gida ɗan matsi kaɗan yake so, wajen miliba 30. In aka jona shi kai tsaye ba regileta, wuta za ta yi tsalle ta bar kan murhu, tiyo ma na iya fashewa. Ƙaramin kan murhu da ake murɗawa kai tsaye bisa tukunya mai kilo 6 shi an ƙera shi ne don ya ɗauki matsin, don haka abin da ya dace da wannan bai dace da wancan ba. Bakin tukwanen ma ba iri ɗaya ba ne, wani na murɗawa ne, wani na maƙalawa. In kan bai shiga ba, naɗa masa robar taya ba gyara ba ne, ganganci ne.

Gas ya fi iska nauyi. In ya tsiyaye ba ya tashi sama, kwantawa yake yi a ƙasa, ƙarƙashin mota, kusa da tankin mai. Warin nan da ake ji da gangan aka zuba shi don ya yi gargaɗi. A shafa kumfar sabulu a mahaɗar tiyo: in ta yi ƙwai-ƙwai, akwai ɓula. Kada a gwada da ashana. Tukunya ta tsaya a tsaye, a fili, nesa da mota da zafin rana, tiyon da ya tsattsage kuma a sake shi.