Yadda Enyimba Ta Sha Kashi A Ismailiyya Amma Ta Dawo Gida Da Kofin Afirka

Kwanakin baya ɗana na biyu, wanda aka haifa a nan Ingila, yana duba jerin ƙungiyoyin da suka taɓa cin kofin zakarun Afirka, sai ya ɗago kai ya ce min, "Baba, nan an rubuta Ismaily 1, Enyimba 0, amma kuma an ce Enyimba ce ta ɗauki kofin. Ko kuskure suka yi?" Yaron nan zai iya lissafo maka 'yan wasan Liverpool na 2005 ɗaya bayan ɗaya, amma bai taɓa jin labarin ranar da wata ƙungiya daga ƙasar ubansa ta fara cin kofi mafi girma a nahiyarmu ba. Laifina ne, ba nasa ba. Shi ya sa na ga ya kamata in rubuta amsar da na ba shi, ko za ta amfani wasu gidajen.

Da farko dai, wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka a lokacin sau biyu ake buga shi, gida da waje, sannan a haɗa ƙwallayen duka. Idan jimilla ta zo daidai, sai a duba wanda ya fi zura ƙwallo a gidan abokin karawarsa, shi ne ya yi nasara. Idan nan ma an yi kunnen doki, sai a tafi bugun fenareti. Turai sun soke wannan doka ta ƙwallon waje a 2021, don haka yaranmu da yawa ba su ma san ta ba, alhali kuwa ita ce ginshiƙin duk labarin nan.

An fara gasar a 1964, kuma har zuwa 2003 babu ƙungiyar Najeriya da ta taɓa cin ta, duk da cewa sau 4 ana zuwa wasan ƙarshe. Enugu Rangers ta sha kashi a hannun Hafia ta Gini a 1975. Shooting Stars ta Ibadan ta faɗi a hannun Zamalek ta Masar a 1984. Na 1988 da na 1996 su ne suka fi ciwo, kuma su nake so mai karatu ya riƙe a ransa. A 1988 Iwuanyanwu Nationale ta ci Entente Setif 1 da nema a gida, ta je Aljeriya aka zura mata 4. A 1996 kuma Shooting Stars ta ci Zamalek 2 da 1 a Ibadan, Zamalek ta rama 2 da 1 a Alƙahira, aka tafi fenareti, kofi ya zauna a Masar. Wato dai ƙungiyoyinmu suna cin wasa a gida, amma da 'yar tazarar da ba ta iya jure tafiya Arewacin Afirka.

Ita Enyimba ƙungiya ce ta garin Aba a jihar Abiya, an kafa ta a 1976, kuma sai a 2001 ta fara cin gasar lig ta Najeriya. Gwamnan jihar na lokacin, Orji Uzor Kalu, ya zuba mata kuɗi sosai, aka ɗauko Kadiri Ikhana ya zama mai horarwa, ga kuma wani matashin gola mai suna Vincent Enyeama a raga. A zagayen rukuni na 2003 sun haɗu da ASEC ta Abijan, da Simba ta Tanzaniya, da kuma Ismaily ta Masar. Da suka je Ismailiyya a wannan zagayen, ci 6 da 1 aka lallasa su. Ba kuskuren rubutu ba ne, 6 da 1. Duk da haka suka fito daga rukunin, suka cire USM Alger a wasan kusa da na ƙarshe, sai ga shi Ismaily ɗin nan ce ke jiransu a ƙarshe, kuma a filinta za a buga wasa na biyu.

A Masar na yi karatun injiniya, kuma na taɓa kallon wasa a Ismailiyya lokacin ina ɗalibi. Gari ne a bakin mashigin Suwez, tsaf-tsaf, shiru, har sai ranar da ƙungiyarsu za ta buga wasa. Filin ba shi da girma irin na Alƙahira, amma ihun 'yan kallo a kanka yake sauka. Ismaily ce ƙungiyar Masar ta farko da ta ci kofin Afirka, na 1969, tun kafin Al Ahly da Zamalek, kuma mutanen garin ba sa bari ka manta da haka. A 2003 sun ɗauka shekara 34 na jira sun ƙare, tunda dai abokan karawar su ne waɗanda aka zura wa 6 watanni kaɗan da suka wuce.

An buga wasan farko a Aba ranar 30 ga Nuwamba, 2003. Emeka Nwanna da Ndidi Anumudu suka ci wa Enyimba, aka tashi 2 da nema. Mutane sun fi tuna ƙwallaye biyun, amma ni a ganina wannan "nema" ɗin ita ce ta ci kofin. Ga lissafin. Da 2 da nema, dole Ismaily ta ci ƙwallo 2 kafin ma a kai ga fenareti, 3 kafin ta ɗauki kofi kai tsaye. Idan kuwa Enyimba ta samu ta jefa ko da ɗaya ce a Masar, to sai Ismaily ta ci 4. Amma da a ce an tashi 2 da 1 a Aba, to ci 1 da nema kawai ya ishi Masarawa. A aikinmu, idan gada za ta ɗauki nauyin tan 20, ba ma gina ta don tan 20 cif, sai mun bar rarar ƙarfi saboda ranar da abin da ba a zata ba zai hau kanta. Enyimba ta tafi Masar da rarar ƙwallo ɗaya tak, kuma sai da aka cinye ta.

Ranar Juma'a 12 ga Disamba aka buga wasa na biyu. Na kalle shi a gidan wani abokina Basudane da yake da tauraron ɗan adam mai kama tashoshin Larabawa, mu biyar 'yan Najeriya da ɗan Nijar ɗaya. Kafin a cika rabin sa'a alƙalin wasa ya ba Ismaily fenareti, Hosny Abd Rabo ya ci. Ɗakin ya yi tsit, domin kowa ya tuna 6 da 1, kuma saura fiye da sa'a guda. Abin da ya biyo baya ba wasa ne mai daɗin kallo ba, gaskiya. Enyimba ta ja baya ta toshe gaban raga, ana kawo hari suna korewa, Enyeama yana tarewa, duk wanda ya faɗi ƙasa kuma ba ya gaggawar tashi. Bambancinsa da wasan rukuni shi ne, a wannan karon da aka ci su ɗaya ba su fita neman ramawa sun bar baya a buɗe ba. Sun san cewa 1 da nema nasara ce a wurinsu, suka riƙe ta har aka busa. Jimilla 2 da 1.

Ƙarshen bai yi kyau ba. 'Yan kallo suka fusata suka shiga jifa, 'yan sanda suka shigo, sai da aka jinkirta miƙa kofin. Bayan haka Ismaily ta kai ƙara hukumar CAF a kan rajistar Ahmed Garba, wanda mutanen Kano suka fi sani da Yaro Yaro, tsohon ɗan wasan Kano Pillars da ya koma Enyimba a shekarar. CAF ta yi watsi da ƙarar, kofi ya tabbata a Aba, Ikhana kuma aka zaɓe shi gwarzon mai horarwa na Afirka na 2003. Shi ne dai daga baya ya ci wa Kano Pillars lig ɗinta na farko a 2008.

Enyimba ta sake cin kofin a 2004 a hannun Etoile du Sahel ta Tunisiya, 2 da 1 a can, 2 da 1 a Abuja, sannan fenareti, inda aka cire Enyeama aka sa Dele Aiyenugba musamman don bugun. Rabon da wata ƙungiya ta ci kofin sau biyu a jere tun TP Englebert ta Kwango a 1967 da 1968.

Ga wanda yake ganin na cika nanata maganar ƙwallo ɗaya, ya dubi 2009. A shekarar Kano Pillars ta cire Al Ahly mai riƙe da kofi da wannan doka ta ƙwallon waje, 1 da 1 a gida, 2 da 2 a Alƙahira, ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta Owerri (tsohuwar Iwuanyanwu Nationale ce ta canza suna) ta cire ta. Heartland ta karɓi TP Mazembe a wasan ƙarshe ta ci 2 da 1 a Owerri, ta je Lubumbashi aka ci ta 1 da nema, daidai sakamakon da Enyimba ta samu a Ismailiyya. Jimilla 2 da 2, Mazembe ta ɗauki kofi da ƙwallon da ta ci a Owerri. Tun 2004 ɗin nan babu ƙungiyar Najeriya da ta sake ɗaga shi.