Bayan An Ce "Ku Mayar Da Shi Gida"

Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa a manyan asibitocinmu ya san nauyin wannan magana: "Mun yi iya ƙoƙarinmu, ku mayar da shi gida, sai addu'a." Daga nan a naɗe tabarma, a bar mata da 'ya'ya da mutumin da ciwon daji ko na hanta ke ci, yana nishi dare da rana, ba wanda ya faɗa musu abin yi. Addu'a dole ce. Amma ciwon da ya gagari warkewa bai gagari sauƙaƙawa ba, kuma sauƙaƙawar aikin likita ce.

Wanda aikin ya fi dacewa da shi shi ne likitan iyali, wato wanda ya ƙware wajen duba mutum ɗungurungum, daga jariri har tsoho, ba gaɓa ɗaya ta jikinsa ba. Shi ake fara gani a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano kafin a tura mutum wajen ƙwararren zuciya ko na ƙoda. In waɗancan sun gama nasu, wurinsa ya kamata a dawo.

Cicely Saunders, wadda ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan a 1967, ta koyar da cewa azabar mai jinyar ajali ba ta jiki ce kaɗai ba: akwai tsoro, da tunanin waɗanda zai bari, da tsakaninsa da Mahaliccinsa. Ta kuma nuna cewa maganin zafi kan lokaci ake ba da shi, ba a jira sai mutum ya fara kururuwa. Wajen shekarar 2000 wata likitar iyali a Ingila, Keri Thomas, ta fito da tsarin da ya sa likitocin unguwa ke tambayar kansu: zan yi mamaki in wannan majinyaci ya rasu cikin shekara guda? In amsar a'a ce, sai a sa sunansa a rajista ta musamman, a zauna da shi a ji abin da yake so, har da inda ya fi son ajali ya same shi.

Wannan zaman ne muka fi gudu. Dangi kan ja likita gefe su ce, "Don Allah kar ka gaya masa, hankalinsa zai tashi." Tausayi ne, amma yana da tsada. Ana sayar da gona a nufi Masar ko Indiya neman abin da babu, shi kuwa majinyacin bai sami damar yin wasiyya ba, bai faɗi basukan da ke kansa ba, bai nemi gafarar wanda ya ɓata wa ba. Baƙon likita mai layin mutum ɗari a ƙofa ba zai iya wannan hira ba. Wanda ya daɗe yana duba hawan jinin uwargida, ya san wane ɗa ake jin maganarsa a gidan, shi zai iya faɗin gaskiya a hankali ba tare da ya yanke wa kowa ƙauna ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 56.8 ke buƙatar irin wannan kulawa kowace shekara, kuma kashi 14 cikin 100 kawai ke samu. Tun a 2014 babban taronta ya nemi ƙasashe su shigar da ita cikin kiwon lafiya na matakin farko. Talauci ba hujja ba ne: a Yuganda, Dakta Anne Merriman ta fara aiki a 1993 da ruwan mofin, maganin zafi mai arha da ake sha a gida, kuma a 2004 gwamnati ta yarje wa ma'aikatan jinya masu horo su rubuta shi. Mu kuwa, ɓarnar tiramol da kodin ta sa ana ƙyamar duk wani magani mai ƙarfi, har ga wanda ke kan gargara. Mofin da likita ya auna daidai ba shaye-shaye ba ne, ba kuma gaggauta ajali ba ne.

Saboda haka, mai karatu, ranar da aka sallami naka da waccan magana, kada ka bar asibitin sai an rubuta masa maganin zafi, an kuma faɗa maka likitan da zai ci gaba da dubansa.